Tabo a Kumatun Hajiya Madina

Allunan kantar shago Sakina ta je nema a kasuwar Katako, ba miji ba. Amma sha'anin Allah ba ya shawara da kowa.

Hantsi ne na bazara, rana ta fara cizo. Ta tsaya a bakin wata rumfa tana fifita da gefen mayafinta, ƙamshin sabon itace ya cika wurin. Sai ga wani dogon saurayi ya fito daga bayan tulin katako da fensir a kunne, garin zarto ya yi masa furfura tun lokacinta bai yi ba.

"Fofo, madam," ya ce da Zabarmanci, don bai san ko ƴar ina ce ba.

"Sannu dai. Bahaushiya ce, daga Damagaram."

"To madalla, mu na Maradi ne. Sunana Sadiƙ. Mi za a kawo?"

Ta ce masa butik za ta buɗe, wato shagon kayan shafa, a unguwar Lazaret, tana son allunan da za ta jera kwalabe. Ya ɗauko mita ya fara awo. Mutumin da ya tashi cikin awon katako tun yana ƙarami, ranar sai da ya auna allo ɗaya ya manta, ya sake aunawa ya sake mantawa. Sakina ta gani, ta kau da kai tana danne murmushi.

Da zai miƙa mata lambar wayarsa, ta lura da hannunsa duk ya tsage. Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan gwangwani.

"Man kaɗanya ne da man kuka, ni na haɗa. Ka riƙa shafawa in ka wanke hannu."

Ya karɓa da hannu biyu. Har ta shiga taksi yana tsaye a inda ta bar shi.

Yana da direban da ke kai wa mutane kaya, amma allunan Sakina da kansa ya kai su, da kansa ya kafa. Kashegari ya dawo wai ya duba ko kantar ta karkace. Bayan kwana biyu ya sake dawowa dubawa. Kanta dai tana nan a miƙe, shi ne ya karkace.

Sakina ta yi shekaru tana aiki a farmasi kafin ta buɗe nata wurin. Gefe guda ta jera man kaɗanya, man riɗi, man kuka da man aduwa, ɗaya gefen kuma kirem-kirem na farmasi. Abu ɗaya ne ba ta sayarwa, man canza launin fata. Duk wadda ta zo nemansa sai ta ce mata, "Ƴar uwa, launin da Allah ya ba ki ai ya yi miki, gyara shi kawai za mu yi."

Ba a daɗe ba saƙonni suka fara yawo tsakanin Katako da Lazaret.

"Bonjur Mai Ƙamshi. Hannuna ya warke, amma yanzu ƙirjina ke tsagewa. Akwai man sa a butik?"

"Ɗan Katako, wannan ciwon ba a shafa masa mai. Gidanmu ake zuwa a gaida Baba."

"To ki ce da Baba gobe bayan la'asar yana da baƙo. In ya ga ina rawar jiki, ki ce zazzaɓi ne."

Ya je, Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu. Daga nan zance ya koma ƙofar gidansu Sakina, a kan wani benci da Sadiƙ ya ƙera don wannan aikin kaɗai. Idan rana ta yi sanyi, sama ta yi ja ta wajen kogi, sai su zauna suna gina gidan da ba su aza ko bulo ɗaya nasa ba. Ita tana son taga mai kallon gabas da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Shi kuwa ya ce duk inda ta zauna nan ne gabas. Wani lokacin sai su yi shiru, suna jin kiran salla yana tasowa daga masallaci zuwa masallaci, kowannensu yana jin daɗin da ba ya iya faɗa.

Saura gidansu Sadiƙ, a unguwar Dar es Salam. Mahaifinsa ya rasu bara, magana yanzu tana hannun mahaifiyarsa, Hajiya Madina, da wanta Kawu Zubairu. Hajiya mace ce mai kwarjini, ba ta dariya a banza. Sadiƙ ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron ga". Ta daɗe da yi masa tanadin Latifa, ɗiyar ƙanwarta da ke zaune a gidan, gwanar dilka da halawa da lalle.

Da ya gaya mata zancen Sakina, Hajiya ta ce, "Mai saida man shafawa? To, mu gani."

Gani kuwa ta je yi da idonta. Wata ranar Talata da azahar, lokacin da kasuwa ta yi tsit, ta rufa da babban mayafi ta shiga butik ɗin kamar mai saye. Ta ɗaga wannan kwalba, ta shinshina waccan, tana satar kallon yarinyar. Sakina ta gane ta tun daga bakin ƙofa, don ta sha ganin hotonta a wayar Sadiƙ. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata kujera da ruwan sanyi.

Akwai madubi a bango daidai inda Hajiya ta zauna. Ta kalle shi, ta kau da kai, ta sake kallonsa. Bincike ya kawo ta, sai ga shi bakinta ya suɓuce.

"Ɗiyar ga, wanga layi-layi na gefen ido da na goshi, shina da magani?"

"Ba ya ɓacewa duka, Mama, amma yana laushi."

Hajiya ta sake kallon madubin. Can ta ce, "Tun da Alhaji ya rasu ban tsaya gaban madubi ba. Da na fita takaba na duba, sai na ga wata tsohuwa da ban sani ba. Ba miji nike nema ba. So nike in duba in gane kaina."

Idon Sakina ya kawo ruwa. Ta ɗauko wani ɗan siririn bututu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Wannan sunansa retinol. Ba ya sa fari, sabunta fata yake yi a hankali. Kamar ƙwayar wake za ki matso, in za ki kwanta kaɗai, kuma ba kullum ba da farko. In ya sha, sai ki bi shi da man kuka don kada fuska ta bushe. Da safe ki shafa wannan na kare rana. Amma Mama, ga babban sharaɗi. Muddin kina shafa shi, kada a yi miki halawa a fuska, don fatar tana yin taushi sosai. In biki ya taso, ki dakatar da shi tun da sauran lokaci, ko ki gaya wa mai yi miki."

Hajiya ta karɓa ta tura can ƙasan jaka. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Kin san ko ni wa ce?"

Sakina ta sunkuyar da kai. "Na sani, Mama."

"To abin ga amana ne. In dangi sunka ji, cewa za a yi Alhaji bai daɗe a ƙasa ba Madina ta fara kwalliyar zawarci. Ko yaron ga kada shi ji."

"Ba zai ji daga bakina ba, in sha Allahu."

Da farko komai ya tafi daidai. Fuskar Hajiya ta fara sheƙi, maƙwabta suna cewa hutu ya karɓe ta. Sadiƙ, da bai san dawan garin ba, ya kawo mata kwalbar man kuka a matsayin kado, wato kyauta, daga Sakina, ta karɓa ta ajiye a kan madubi inda kowa ke gani. Bututun kuwa yana ƙarƙashin zannuwa a cikin akwati. Har ta ce Kawu Zubairu ya fara shirin zuwa neman aure. Sai dai Hajiya ƴar kasuwa ce, a wurinta abin da kaɗan ɗinsa ya yi amfani, mai yawansa ya fi. Ƙwayar wake ta koma ƙwayar gurjiya, kuma kullum.

Ana haka bikin wata ƴar dangi ya taso. Latifa ta dafa halawarta ta sukari da lemun tsami, mata suka yi layi a tsakar gida ana cire musu gashin fuska. Ta ce, "Inna, zo in gyara miki ke ma." Hajiya ta tuna sharaɗin sarai. Amma ta ce a'a a gaban mata, a tambaye ta dalili? Ta zauna ta miƙa fuska.

Da Latifa ta manna halawar a kumatu ta fizge, sai ta taho da fata.

Gida ya rikice. Wurin ya yi ja yana tsatsafar da ruwa, kafin yamma ya kumbura. Latifa tana kuka tana rantsuwa cewa halawar da take yi wa kowa ce. Sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke kan madubi.

"Wanga man ne! Masu butik ɗin nan duk haka suke, su zuba sinadarin sa fari su ce na gargajiya ne."

Kowa ya juya ya kalli Hajiya. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke yarinyar. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi shiru.

Shirun nan shi ya yanke hukunci. Kawu Zubairu ya ce a jingine maganar neman aure, don ba za a kawo cikin zuri'a wadda ta ɓata fuskar uwar miji tun kafin ta shigo ba. Dangi suka fara cewa dama ga Latifa a gida, me ya kai shi nesa.

Sadiƙ ya iso butik ɗin ko garin zarton jikinsa bai kakkaɓe ba.

"Sakina, don Allah gaya mini gaskiya. Mi kika sa cikin man nan?"

"Wallahi man kuka ne zalla. Ko jariri za a shafa wa."

"To mi ya ci fuskar Hajiya?"

Sakina ta kau da kai. Da ta ce ba ta sani ba, da ya yarda, amma ita ba ta iya ƙarya ba.

"Na san abin da ya faru. Ba zan iya faɗa ba."

"Ni? Ni ne ba ki iya gaya ma?"

"Ka yi haƙuri, Sadiƙ."

Ya tsaya yana kallonta, idanunsa sun yi ja. Ya fita bai ce sai an jima ba. Sakina ta zauna a ƙasa a bayan kantar da ya kafa mata, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar kakarta.

Kwanaki suka shuɗe, bencin ƙofar gida ya yi ƙura. Saƙo ɗaya ya shigo mata.

"Mai Ƙamshi, ban daina sonki ba, ko na gwada ba ya yiwuwa. Amma uwa uwa ce. Ki ba ni ko kalma guda da zan riƙe in tsaya gaban Kawu."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Daga ƙarshe ta aika: "Ɗan Katako, ba ni da kalma. Zuciya kawai gare ni, kuma tana wurinka. Yaya jikin Mama?"

"Ba ta fita ɗaki. Ta ƙi zuwa likita, wai kunya."

Wannan amsar ce ta hana Sakina zama. Kowa ya san budurwa ba ta taka gidan surukai da ƙafarta kafin a kai ta, balle gidan da ake zaginta. Amma ta san ciwon fata a zafin bazara ba ya jiran kunya. Da azahar, lokacin da ta tabbata Sadiƙ yana kasuwa, ta rufe butik ta tari taksi zuwa Dar es Salam.

Latifa ce ta tare ta a ƙofar falo. "Lalle ba ki da ta ido. Kin zo ki ƙarasa ta?"

Daga cikin ɗaki muryar Hajiya ta fito a hankali. "Bar ta ta shigo. Ke kuma ja muna ƙofa."

Ɗakin da duhu, labule a sauke. Sakina ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta janye mayafin, wurin ya yi ɓawo, gefensa ya yi baƙi.

"Kin gaya mishi?"

"A'a, Mama."

"An ce an fasa zuwa gidanku. Kin ji?"

"Na ji."

"Kuma kinka yi shiru? Ko da za ki rasa shi?"

Hawaye suka zubo wa Sakina. "Ina sonsa, Mama, Allah ya sani. Amma kin ce amana. In na saya wa kaina aure da sirrinki, da wane ido zan riƙa gaishe ki kowace safiya?"

Hajiya ta miƙo mata fuskar. Sakina ta wanke hannu, ta duba ciwon a bakin taga. Ta ce a ajiye retinol ɗin gaba ɗaya sai fata ta warke, kada a sa sabulu mai ƙarfi, kada a ɓare ɓawon. Ta shafa man kaɗanya zalla a inda ya bushe a kewaye, da ɗan yatsa, a hankali. Sannan ta roƙe ta su je wurin wata likitar fata, mace ce, ba wanda zai ji. Hajiya ta lumshe ido. Rabon da wani ya taɓa fuskarta da irin wannan lallashi har ta manta.

Tare suka je wurin likitar washegari, kowacce ta rufa da mayafi. Bayan nan Sakina ta riƙa zuwa da azahar tana dubawa, ta tafi kafin a taso daga kasuwa. Ba ta taɓa tayar da zancen aure ba, ko sau ɗaya.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Hajiya ta sa aka kira Kawu Zubairu da Sadiƙ da Latifa. Ta fito falo ba mayafi a fuska. Ta ajiye ɗan bututun a kan tabarma a gabansu.

"Ga abin da ya ci fuskata, shi da taurin kaina. Ni na tafi da ƙafata na saye shi, don na gaji da ganin tsufa. Ɗiyar mutane ta gaya mini kada in yi halawa, na ji da kunnena, na zauna anka yi mini don kunyar a sani. Da anka ɗora mata laifi, na yi shiru. Ita ma ta yi shiru, amma nata shirun don ni ne, nawa kuwa don kaina."

Latifa ta rufe baki da hannu. Kawu Zubairu ya ɗauki bututun ya juya shi, ya kai shi nesa da ido yana ƙoƙarin karantawa.

"Madina, a kan wanga ɗan abu kinka kusa kashe aure? Ni da nike rina gemu tun shekarun baya, wa ya kai ni ƙara?"

Dariya ta ƙwace wa kowa, har Hajiya, tana yi tana share ido. Sadiƙ ne kaɗai bai yi ba. Ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ko da layi ko ba layi, ni ban taɓa ganin fuskar da ta fi taki ba."

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce tana tura shi. "Ba ni za ka gaya ma wanga ba. Ka san inda ka bar mai kuka."

Bai tsaya neman makullin mota ba, a bakin titi ya rubuta saƙon.

"Sheri, masoyiyata, na ji komai. Na tambaye ki kalma guda, ashe abin da kike riƙe da shi ya fi kalma nauyi. Ki yafe ma Ɗan Katako, kansa ma katako ne."

"Na yafe tun ranar. Ka zo, amma ka taho da tsumma, bencinka ya yi ƙura."

Farkon damina aka ɗaura aure, da safe, bayan an kwana ana yayyafi, garin ya yi sanyi yana ƙamshin ƙasa. Latifa da kanta ta je butik ta ba da haƙuri, kuma ita ta yi wa amarya dilka da lalle. Kafin ta ɗora halawa sai da ta tambaya, "Tsakaninki da Allah, mi kike shafawa?" Matan ɗakin suka fashe da dariya.

Fuskar Hajiya ta warke, sai ɗan tabo baƙi da ya rage a kumatun hagu. Ranar da za a kawo amarya, ƙawayenta suka zo da hoda za su rufe mata shi saboda masu ɗaukar hoto. Ta riƙe hannun mai hodar.

"Ku bar shi. Shi ya nuna mini wadda zan ba ɗana."

Aka shigo da Sakina a lulluɓe, ana guɗa, aka zaunar da ita a gaban uwar miji. Hajiya ta ɗaga mayafin da hannunta, ta daɗe tana kallon fuskar Sakina da ke jiƙe da hawaye. Ta kamo hannun amaryar mai jan lalle ta ɗora a kan tabon, sannan ta kira ɗanta ya matso.

"Ga ta nan. Ta riƙe amanata lokacin da riƙon ya kusa raba ta da kai. In ka sa ta kuka, ni da kai ne."

"Na karɓa, Hajiya," in ji Sadiƙ.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi sa ku tsufa tare, fuska ta yi layi, gashi shi yi fari, kowanenku shina duban ɗan uwansa shina gode ma Allah."

Ɗaki ya amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi Sakina ta ɗago ido kaɗan, ta tarar shi ma ita yake kallo.